Toshewar hanyoyin jini ba ta jiran furfura

Assalamu alaikum, masu karatu. Fiye da rabin saƙonnin da suka shigo min wannan makon a kan zuciya da hanyoyin jini suke, kuma kusan duk masu tambayar ba su kai shekara 40 ba. Ga waɗanda na zaɓo.

Tambaya: Likita, ni siriri ne, shekaruna 28. Ai kitse a jini ciwon masu ƙiba ne ko? (Wani matashi daga Gusau)

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Kitsen tumbi daban, na cikin jini daban. Akwai nau'in da ake gado, kusan mutum 1 cikin 250 na ɗauke da shi, da yawansu kuma sirara ne. Gwajin jini kaɗai ke nuna shi. Je ka yi.

Tambaya: An ce min ruwan tukunyar shisha yana tace dafin hayaƙin, don haka ta fi sigari sauƙi. (Wani ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Sanyaya hayaƙin kawai ruwan yake yi, shi ya sa kake iya zuƙarsa har ƙasan huhu ba tari. Tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa zaman shisha na sa'a guda na iya ɗura wa mutum hayaƙin da ya kai na karan sigari 100 ko fiye. Ga gubar gawayin a kai. Ka bar ta yau, ba gobe ba.

Tambaya: Likita, ƙanena mai shekara 34 ya faɗi a shagonsa, bakinsa ya karkace, hannunsa da ƙafarsa na dama suka saki. Manya suka ce iska ce ta buge shi, tunda yaro ne ƙarami ba zai yi ciwon tsofaffi ba. Kwanansa biyar a wurin mai magani, ana turare da tsaga, har yanzu ba ya magana. Shin me ke kawo wannan ga matashi? (Wata baiwar Allah daga Funtuwa)

Amsa: Allah Ya ba shi lafiya, 'yar'uwa. Kafin ki ƙarasa karanta amsar nan, ki sa a ɗauko shi a kai shi asibiti. Abin da kika kwatanta shanyewar ɓarin jiki ce, kuma daga hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa take tasowa.

Saƙonki ya taɓa ni domin na sha ganin irinsa. Sai a shigo da saurayi a kan gadon da ake turawa, rigarsa na ƙamshin turaren hayaƙi, ga sawun aska jere a gefen goshinsa, ga zazzaɓi, ƙirjinsa na kurari. In ka tambaya yaushe ya faɗi, sai a ce mako guda. In ka ɗaura masa abin awo, sai ka ga jininsa ya haura 200. Ba wanda ya taɓa auna shi a rayuwarsa.

Bari in yi miki bayani a hankali. Cikin hanyar jini sumul yake, kamar cikin sabon bututun ruwa. Hawan jini, hayaƙin taba da yawan suga su ke kankare wannan santsin, sai kitse ya samu wurin shiga ya kwanta a bangon. Shekara da shekaru yana taruwa, mutum na harkarsa bai ji komai ba. Ranar da tarin ya fashe, jini ya daskare a wurin, hanya ta toshe. In a zuciya ne, bugun zuciya ke nan. In a ƙwaƙwalwa ne, abin da ya sami ƙaninki ke nan. Wani lokacin kuma ba toshewa ba ce, ƙarfin hawan jinin ne ke fasa hanyar, jini ya malala a cikin kai.

Batun cewa yaro ne kuwa, an daɗe da gano ba kariya ba ce. A 1953 likitocin sojan Amurka sun duba zukatan sojoji 300 da suka mutu a yaƙin Koriya, waɗanda a tsaka-tsaki shekarunsu 22 ne, suka tarar kashi 77 cikin 100 kitse ya riga ya fara kwanciya a hanyoyin jinin zuciyarsu. Samari majiya ƙarfi fa.

A wurinmu babban mai laifi shi ne hawan jini, kuma yana kama mu da wuri. Ba ya ciwo, ba ya sallama. Gishirin da jiki ke buƙata a yini bai kai ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, ƙasa da giram 5, amma ki duba tukunyarmu: ga gishiri, ga dunƙulen magi shida ko bakwai, ga kanwa, ga yajin tsire da daddare. Bayan shi sai sigari da shisha, ciwon suga, kitsen gado, ciwon ƙoda, cutar HIV, da miyagun ƙwayoyi irin su hodar iblis. Wasu kuma ciwon maƙogwaro ne na ƙuruciya da ba a kula da shi ba ya lalata ƙofofin zuciyarsu, gudan jini ya ɓallo daga nan ya tafi kai. Sai sikila, wadda ke shanye jikin yaro ɗan shekara biyar ma. Shi ya sa ake yi wa yara masu ita awon gudun jini a kai, kuma binciken da aka yi a Kano ya nuna maganin hydroxyurea yana rage musu haɗarin. Ki ga, duk waɗannan abubuwa ne da ake aunawa, a gani, a magance.

Ban ce kada a yi addu'a ba. A yi, a cikin mota a yi, a bakin gadon asibiti a yi. Abin da nake roƙo shi ne kada a tsaya a gida dominta. A kowane minti na toshewa, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 2 ke mutuwa. Allurar narkar da gudan jini sai cikin sa'a 4 da rabi na farko take aiki, kuma ba kowane asibiti ke da ita ba. Amma ko inda babu ita, daidaita jini da suga da lura da haɗiya suna ceton rai.

Batun haɗiyar nan shi ya fi ƙona min rai. Wanda jikinsa ya shanye sau da yawa maƙoshinsa ma ya saki. Jiƙon da ake ɗura masa, ko koko, ko ruwa, huhu yake gangarawa, kuma ciwon huhun da ke biyo baya shi ke kashe da dama. Don Allah a daina ɗure. A daina tsaga, babu wani mugun jini a ƙarƙashin fata da aska za ta fitar. Kada kuma a ba shi asfirin kafin a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, domin in fashewa ce, ƙara zubar jinin zai yi.

Kwana biyar sun wuce, amma ba a makara ba. Za a nemo sanadin, a ɗora shi kan magani don kada ta sake dawowa, a fara masa gashi da koyon magana. Matasa kan farfaɗo fiye da yadda ake zato. Ke da sauran 'yan ɗakinku duk ku auna jininku a makon nan. Kuma ku riƙe alamomin nan uku: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta harɗe. Ko ɗaya aka gani, ko da ta wuce bayan minti goma, asibiti kai tsaye.

Tambaya: Ina shan "sha ka fashe" don in yi jiki kafin bikina. Akwai matsala? (Wata amarya daga Damagaram)

Amsa: Haba ƙanwata! Galibin ƙwayoyin nan akwai wani magani mai ƙarfi da ake kira dexamethasone a ciki. Kumburi da taruwar kitse a fuska da ciki yake sa ki, ba ƙibar lafiya ba, yana kuma tayar da hawan jini da suga, abubuwa biyun da ke cin hanyoyin jini. Wanda ya sayar miki bai kyauta miki ba. In kin yi makonni kina sha, kada ki yanke lokaci guda, hakan ma haɗari ne. Je ki likita ya janye miki a hankali, ya auna jininki da suga.

Tambaya: Ƙirjina kan yi nauyi in na hau bene, in na tsaya ya lafa. Mai kemis ya ce olsa ce. Shekaruna 37, mahaifina ya rasu farat ɗaya yana da 48. (Wani magidanci daga Jos)

Amsa: Malam, olsa ba ta san hawa bene ba. Nauyin ƙirji da ke zuwa da motsi ya tafi da hutu, alamar zuciya ce ba ta samun isasshen jini. Uba ko ɗan'uwa da ciwon zuciya ya kama kafin shekara 55, ko uwa kafin 65, babban gargaɗi ne ga 'ya'ya. Ka ga likitan zuciya cikin kwanakin nan a yi maka awon bugun zuciya da gwajin kitse da suga. In ciwon ya zo kana zaune, ya wuce minti 10, da gumi ko sauka hannun hagu, ka tauna asfirin miligiram 300 in ba a hana ka shi ba, wani ya tuƙa ka zuwa sashen gaggawa. Kada ka jira gari ya waye.

Tambaya: Ƙaho yana wanke kitsen hanyoyin jini? (Wani direba daga Maraɗi)

Amsa: Ba ya kaiwa wurin. Jinin fata yake ja, kitsen kuwa a cikin bangon hanyar yake. In kana shan maganin hawan jini, kada ka ajiye shi don ka yi ƙaho.