Talabijin Tana Girgiza a Motarmu Mai Ɗakin Kwana

Tambaya: Malam, muna da mota mai ɗakin kwana. Da mun hau hanya mai gargada sai talabijin ta yi ta rawa a bango. Mece ce mafita?

Amsa: Bangon irin wannan mota falle ne siriri, girgiza na faɗaɗa ramin sukuru har ya saki. Ku sa katako mai kaurin milimita 18 ta bayan bangon, ku ɗaure ƙarfen ratayar da noti huɗu da washa. Ƙarfen ya zama mai makulli, domin mai lilo shi ya fi fasa gilashin talabijin. Kafin tashi ku naɗe shi, ku lulluɓe fuskar da tawul, ku ɗaure ta da igiyar roba. Kada a kwantar da talabijin a kan katifa, birki ɗaya zai wurgo ta.