Amsar tambayarka kan bencin bakin titi

Ka tambaye ni me ya sa bencin da muke yi wa bakin titi ya fi kujerar falo tsayi, kuma don me na hana ka cire hannuwan gefe, tunda a ganinka ɓarnar katako ce. To, ajiye zarto ka saurara, ɗana.

Ba matashi irinka ne ya fi bukatar wannan benci ba. Tsoho ne da gwiwa ta gaji, da mace mai ciki, da wanda ya tashi daga jinya yana ɗan tattaki. Su zama bai cika ba su wuya ba, wajen tashi ne suke shan wahala. Shi ya sa nake auna inci 18 daga ƙasa zuwa mazauni, kusan santimita 45 ke nan. In ka sauke shi ƙasa sosai, gwiwa za ta ɗara ƙugu, sai dattijo ya nemi mai ɗago shi, kuma ba kowa ke son roƙon baƙo a kan hanya ba. Hannun da kake son cirewa shi ne abin da zai dafa ya miƙe da kansa. Kada ka rufe ƙasan bencin ta gaba, domin mai tashi sai ya ja ƙafafunsa baya tukuna. Zurfin mazauni kuma kada ya wuce inci 18, don bayansa ya kai majingina alhali ƙafarsa tana ƙasa.

Tsakanin katako da katako bar 'yar tazara, ruwan sama ya zurare. Amma kada ta yi faɗin da yatsan yaro zai maƙale. Ni na fi son katako a mazauni, ƙarfe a ƙafafu, saboda ƙarfe in ya sha rana ba mai iya zama a kansa. Ƙarfen a shafa masa fentin hana tsatsa kafin na ado, gefunan katakon a goge su sumul.

Ranar kafawa ma zan tafi da kai. Za mu nemi inuwa, mu ja shi baya daga inda mutane ke wucewa, mu bar fili a gefe ɗaya don mai keken guragu ya tsaya kusa da abokin tafiyarsa. Sannan mu ɗaure ƙafafun da noti a cikin kankare. Yanzu ɗauko tef ka sake auna wannan na gabanka.