Jarin Adashe da Sana'ar Tukwanen Fulawa na Cikin Ɗaki

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni 'yar kasuwa ce a Kaduna, ina sayar da robobi da kayan kicin. Na kwashi adashe na naira 150,000, kuma ina sha'awar fara yin tukwanen fulawa na ado irin waɗanda ake ajiyewa a falo da ofis. Na gwada yin kaɗan da siminti a gida, duk wanda ya gani sai ya yaba. Shin in zuba kuɗin gaba ɗaya? Kuma yaya zan yanka farashi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya albarka a nema. Shawarata ita ce kada ki zuba kuɗin gaba ɗaya, domin yabon 'yan'uwa da maƙwabta bai zama ciniki ba tukuna, kuma wannan sana'a tana cikin waɗanda ake iya gwadawa da jari kaɗan. Ki ware kashi ɗaya cikin uku, wato naira 50,000, ki sayi buhun siminti ɗaya mai kilo 50, da yashi mai laushi wanda aka tankaɗe, da fenti kala biyu ko uku, da safar hannu ta roba, saboda ɗanyen siminti yana cin fata. Sauran kuɗin su zauna a gefe, kada kuma su haɗu da kuɗin shago. Kina da wata dama da mutane da yawa ba su da ita: robobin da kike sayarwa su ne abin zubin ki. Babbar roba a waje, ƙarama a ciki, a shafe su da mai domin kada kwaɓin ya manne, sai a zuba a tsakaninsu.

Kafin mu je ga farashi, dole mu tsaya a kan ingancin tukunyar, domin a nan ne riba take tsiyayewa ba a sani ba. Kwaɓin da aka saba da shi shi ne awo ɗaya na siminti da awo biyu na yashi, da ruwa daidai gwargwado, don ruwa idan ya yi yawa tukunyar ba ta yin ƙwari. Ana cire ta daga roba bayan kwana ɗaya ko biyu, amma ba a nan aikin ya ƙare ba. Siminti yana buƙatar danshi kafin ya kama, saboda haka a riƙa yayyafa mata ruwa ko a lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu a inuwa na tsawon mako guda, kuma sai ya kai kimanin kwana 28 kafin ya yi cikakken ƙarfinsa. Wanda ya shanya sabuwar tukunya a rana, ko ya bar ta a iskar hunturu, zai wayi gari ya tarar da tsaga siririya ta ratsa ta daga baki zuwa gindi, kuma fenti ba ya ɓoye irin wannan tsaga na dogon lokaci. Haka nan kada ki manta da ƙofar fitar ruwa a ƙasa. Ki dasa guntun tiyo ko kara tun lokacin zubi. Tukunyar da ba ta da wannan huda takan tara ruwa saiwar shuka ta ruɓe, mai saye kuwa ba zai zargi yawan ban-ruwansa ba, tukunyarki zai zarga. Ki haɗa kowace da ɗan faranti na tare ruwa, tunda a kan tayil ko kafet za a ajiye ta.

Wannan jiran na makonni yana da ma'ana ta kuɗi. Abin da kika zuba yau ba zai dawo ba sai bayan wata guda ko fiye, don haka kada ki karɓi odar da za a buƙata cikin kwana uku, kuma duk odar da ta yi yawa ki karɓi rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami.

Game da farashi, ki ɗauki littafi ki rubuta duk abin da kika kashe a zubin farko: siminti, yashi, fenti, ruwa, kuɗin mota, kwali da tsumman naɗewa, sannan ladan aikinki, wanda yawancin mata masu sana'ar hannu suke mantawa da shi, alhali da wani kika sa ya yi, da kin biya shi. Sai ki raba jimillar da adadin tukwanen da suka fito lafiya, ban da waɗanda suka fashe. Misali, idan tukwane 10 sun ci naira 10,000 amma biyu suka lalace, to kowace ta tsaya miki a naira 1,250, ba 1,000 ba. A kan wannan adadi za ki ɗora riba, ki kuma bar ɗan sarari saboda tayi, sannan ki sake lissafin duk lokacin da farashin siminti ya motsa.

A ganina ƙanana da matsakaita sun fi dacewa da ke a yanzu. Babbar tukunyar siminti tana da nauyi, kuɗin kai ta yana cinye riba, kuma aika ta wani gari ta tasha kasada ce. Riba tana ƙaruwa idan kika sayar da tukunya da shuka a ciki, musamman masu jure ƙishi kamar alobera da moda, waɗanda ake raba 'ya'yansu a dasa ba tare da an saya ba. Ki kuma duba tukwanen yumɓu. Ƙasar nan tana da gadon ginin tukwane, wanda daga cikinsa aka samu fitacciyar mai ginin tukwane Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, har hotonta ya hau takardar naira 20. Za ki iya yi wa magina oda su huda miki gindin, ke kuma ki yi ado. Yumɓu ya fi sauƙin nauyi, kuma kin tsallake jiran siminti.

Kasuwarki ta farko tana bakin shagonki, inda mata masu sayen kayan jeren amare suke zuwa. Ki jera guda biyar ko shida a wurin, ki ɗauki hotunansu da hasken rana ki saka a WhatsApp da Instagram, sannan ki kai samfuri ga masu sayar da fulawa a gefen titi da masu ƙawata wuraren biki. Idan mai sayar da fulawa ya ce ki bar kaya sai an sayar, ki bar kaɗan, a rubuta adadi da farashi da wanda zai ɗauki asarar abin da ya fashe. Idan zubin farko ya ƙare cikin wata biyu, kuma aka samu waɗanda ba su san ki ba sun dawo neman ƙari, ki fito da kashi na biyu na kuɗin ki ƙara irin girma da kalar da suka fi tafiya.