Cikina ya tsufa ga Salla ta gabato: in sayi firiza in dafa komai tun yanzu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Hajiya. Ina zaune a unguwar Zariya a nan Maraɗi, cikina ya shiga wata na takwas, kuma bisa lissafin da aka yi mini a wurin awo, ranar Sallar Layya zan kasance cikin mako na 38. A gidanmu ake taruwa kowace shekara, domin mahaifiyar maigidana tana tare da mu, danginsa kuma daga Tibiri da Gidan Rumji suke zuwa gaishe ta, su ci su kwana. Na ɗauki adashi, jaka 150, sai wata maƙwabciyata ta ba ni shawara in sayi firiza ta hannu, in dafa komai tun da sauran mako uku in daskarar da shi. Ba na son a ce abincin Sallar bana ya gaza saboda ni. In saya, ko akwai dabarar da ta fi wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Shawarata ita ce kada ki kashe kuɗin nan a kan firiza a bana, kuma dalilin farko yana cikin lissafin da kika kawo da kanki. Daga mako na 37 ana ɗaukar ciki a matsayin wanda ya isa haihuwa, naƙuda tana iya zuwa kowace rana, saboda haka shirin da ya dace da ke shi ne wanda baƙi za su ci su ƙoshi ko da ke kina kwance a ɗakin haihuwa ranar Idi. Duk aikin da yake buƙatar ƙarfinki ya kamata ya ƙare tun da sauran mako biyu, abin da ya rage kuwa a san hannun da zai yi shi tun yanzu.

Firiza tana kare abinci ne idan sanyinta ya tsaya a digiri 18 ƙasa da sifiri. Idan wuta ta ɗauke, wadda take cike maƙil tana riƙe sanyi kimanin awa 48 muddin ba a buɗe ta ba, wadda take rabi kimanin awa 24, firigo kuwa ba ya wuce awa 4. Wannan lissafi na na'ura ce mai lafiya, wadda robar ƙofarta ba ta saki ba. Ke kuwa ta hannu za ki saya, wadda ba ki san wahalar da ta sha ba, a lokacin da zafin Maraɗi kan haura digiri 40, wuta tana tafiya tana dawowa da rauni, yara kuma suna buɗe ƙofa suna neman ruwan sanyi. Miyar da ta narke da rana ta sake daskarewa da dare ba ta nuna alama a ido, sau da yawa hanci ma ba ya ji, kuma mai tsohon ciki tana cikin waɗanda suka fi cutuwa da gurɓataccen abinci a gidan, domin amai da gudawa suna ƙarar da ruwan jiki, zazzaɓi kuma yana iya tayar da naƙuda. Idan bayan kin gama jego kina da halin saye, ki nemi mai buɗewa ta sama, wadda ta fi riƙe sanyi, ki sa a kunna ta a gabanki har ruwan leda ya daskare, ki maƙala takarda a bakin ƙofarta ki ja ki ji ko robar ta kama, sannan ki haɗa da na'urar daidaita ƙarfin wuta.

Kafin ki taɓa kuɗin adashin, ki cire kason haihuwa ki ajiye shi inda ba zai shiga cefane ba: kuɗin mota ko adaidaita idan abu ya taso cikin dare, kuɗin magani, da kayan da aka rubuta miki a wurin awo. Ki tuna kuma cewa suna yana biyo baya rana ta bakwai, watau yana iya faɗowa mako ɗaya ko biyu bayan Salla. Abin da ya rage shi za ki raba tsakanin kayan da zafi ba ya ɓatawa da ladan waɗanda za su taya ki aiki.

A nan ne iyayenmu suka riga mu dabara, domin yawancin kayan Sallarmu suna jure zafi ba tare da wutar lantarki ba. Cincin, dublan, alkaki da nakiya duk ana iya yin su tun da sauran mako biyu, muddin an soya su sun bushe har ciki, an bar su sun huce sarai kafin a rufe a mazubi mai murfi, saboda tururin da aka rufe da shi shi ne yake kawo fumfuna. Yajin nama ma yanzu ne lokacinsa: a sayi citta, kanumfari, masoro, barkono da ƙuli-ƙuli, a kai inji a niƙa, a tankaɗe, a zuba a kwalba busasshiya. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kauɗa (busasshen tumatir) da busasshen tattasai ki saye su a Babbar Kasuwa kafin cunkoson makon Salla, lokacin da farashi kan tashi kuma turereniya ba ta dace da mai ciki ba. Albasar Galmi tana daɗewa idan an shanya ta a inuwa inda iska take ratsawa, ba a cikin leda ba. Shinkafa a tsince ta, a auna ta da tiya gwargwadon girkin kowace rana, a ɗaure kowane kaso dabam, ta yadda duk wadda ta shiga madafa ba sai ta tashe ki ta tambaya ba.

Wajen gyaɗa da ƙuli-ƙuli ina roƙonki ki sa ido sosai, ko da yake garinmu garin gyaɗa ne kuma kowa yana ganin ya san ta. Gyaɗar da ta sha danshi a ajiya tana yin fumfuna mai fitar da dafin da ake kira aflatoksin, wanda yake cutar da hanta, kuma suya ba ta kawar da shi. Ki fasa 'yan ƙwayoyi ki duba, ki ɗanɗana. Wadda ta yamutse, ta canza launi ko take ɗaci, ki bar ta komai arharta.

Soyayyen kayan miya shi ne abin da ya fi rage wahalar ranar, amma kwanansa kaɗan ne. A niƙa tumatir, tattasai, attaruhu da albasa, a dafa har ruwan ya ƙone, sannan a zuba mai a soya a kan wuta marar ƙarfi, ana juyawa, har jan ya yi duhu, man ya taso sama yana ƙyalli, ƙarar tafasa ta koma ƙarar suya. A raba shi a ƙananan robobi don ya yi saurin hucewa, a sa a firigo. Kwana 3 zuwa 4 ne iyakarsa, don haka ranar jajibiri ko kwana ɗaya kafin ta ake yin sa. Idan ba ki amince da wutar unguwarku ba, tumatirin gwangwani da garin kauɗa da na tattasai sun isa a haɗa miya mai daɗi a safiyar Salla cikin ɗan lokaci.

Shinkafa kuwa ba a dafa ta a ajiye. Akwai ƙwayar cuta a cikinta da tafasa ba ta kashe irinta, wadda take yaɗuwa idan dafaffiyar shinkafa ta daɗe a ɗumi, kuma ɗumame ba ya kawar da dafinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje ba tare da an ci ko an sanyaya ba. Haka zoɓo, kunun aya, salak da ƙullun masa: na ranarsu ne, ko na daren jajibiri.

Abin da ya fi cancantar kuɗinki shi ne hannu. Na san kara da kunyar suruka suna sa mace ta tsaya a bakin murhu har ƙafafunta su kumbura don kada a ce raguwa ce, amma Inna da kike jin nauyinta ita ma ta haihu, kuma jikanta ne a cikin nan. Ki same ta cikin ladabi tun yanzu, ki ce mata, Inna, ga yadda lissafin awo ya nuna, ina neman shawararki kan wadda za mu kira ta kama mana aiki. Idan ita ta zaɓa da bakinta, babu mai yin magana daga baya. Ki ɗauki mace ɗaya ko biyu daga cikin masu aikin girkin biki, ku yanke lada tun kafin ranar, ki kira ƙanwarki ko 'yar ɗakinku ta zo ta kwana daga jajibiri. A al'adarmu ta Nijar maza ne suke feɗe rago, su miƙe shi a kan sanduna su jera kewaye da wuta ya wuni yana gasuwa, sai washegari a yanka a raba. Amma wanke kayan ciki da suyarsu a ranar farko, da doguwar suyar nama a rana ta biyu, a kan mata suke faɗawa, kuma su ne aikin da ya fi sunkuyo, hayaƙi da zafin wuta. Wannan aiki ki miƙa shi gaba ɗaya. Ladan masu aikin a biya shi da kuɗi, domin ba a biyan lada da naman layya, sai dai a ba su nasu kyauta bayan an sallame su.

Aikin da za ki yi da kanki ki yi shi da sanyin safiya, a zaune kan kujera mai majingina, kwano a kan tebur ba a ƙasa ba, ruwan sha kusa da ke, kina tashi kina ɗan takawa lokaci lokaci. Ki bar daka da taɓarya, ki bar ɗaga jarkar ruwa da sauke babbar tukunya. Idan kuwa kika ji ciwon kai mai tsanani, ko ganinki ya dushe, ko fuska da hannuwa suka kumbura, ko kika ga jini, ko faya ta fashe, ko motsin yaro ya ragu, ko zazzaɓi ya kama ki, to a bar tukunya a kan wuta wata ta kula da ita, a kai ki likita nan take, ko da ana cikin Sallar Idi ne.

Tambaya: Hajiya, ni magidanci ne a Sabon Gari, matata tana da tsohon ciki. Da itace da gawayi take girki. Ina tunanin in saya mata gas, amma idan na saya, ragon da zan iya yanka bana ƙarami ne. Wanne ya fi?

Amsa: Malam, ka sayi gas ɗin, ka yanka ƙaramin ragon. Layya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda yake da hali, kuma ragon da ya kai shekarun yanka, ba shi da aibi, ya wadatar ko bai fi na maƙwabta girma ba. Hayaƙin itace kuwa yana cikin abubuwan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta da haihuwar jarirai marasa nauyi, gawayin da aka kunna a rufaffen ɗaki kuma yana fitar da iskar da ba ta da wari amma tana kisa. Tukunyar gas mai kilo 6 ta isa girkin yau da kullum da dafa ruwan zafi cikin dare bayan haihuwa, sai dai gajera ce, saboda haka ka sama mata wurin zama da zai hana ta sunkuyo, ka ajiye ta a daɓe mai daidai inda iska take shiga. Ka cika ta tun da sauran kwanaki, ka shafa ruwan sabulu a mahaɗar kan ka ga ko zai yi kumfa, kada ka gwada da ashana. Babbar suyar Salla a bar ta a kan itace a tsakar gida, a hannun wasu, ita kuma ta zauna ta inda iska ba ta kai mata hayaƙi. Ka riƙa tuna ragon suna a cikin lissafinka.

Tambaya: Ina da ciki, an ce mini hanta tana ƙara jini, don haka in ci da yawa ranar Salla. Gaskiya ne? Kuma zan iya shan fura da nono?

Amsa: 'Yata, gaskiya ne hanta tana da sinadarin ƙarfe mai gina jini, amma tana ɗauke da bitamin A mai yawan gaske, wanda idan ya yi yawa yake cutar da ɗan tayi, musamman a watannin farko, don haka kada ki mai da ita abincin kwana da kwanaki, kuma kada ki bar maganin ƙarin jinin da aka ba ki a wurin awo saboda ita. Tsokar rago ma tana gina jini. Sharaɗin shi ne ta nuna har ciki, babu ja babu ruwan jini, domin naman tumaki da bai nuna ba yana iya ɗauke da ƙwayar toksoplasma mai ratsawa zuwa ga yaro. Yankan da aka ciro daga jikin ragon da yake gashi, ki sa a ƙara soya miki shi. Idan kin taɓa ɗanyen nama ki wanke hannu da sabulu, wuƙa da farantin ɗanye kuma kada su taɓa dafaffe. Fura babu laifi, amma nonon ya kasance na madarar da aka tafasa kafin a kwantar, ko yawur na kamfani da yake rufe kuma bai fita daga sanyi ba, ruwan damu kuma ya kasance wanda kike sha a gida.