Filin masu mota: katkat (mota mai ja da tayoyi huɗu) na ƙara daga ƙasa, ina ciwon yake?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ɗaukar kaya da Land Cruiser 79 tsakanin Marwa da Kusuri. Tun ƙarshen damina, da na saki kulos sai in ji "ƙwas" daga ƙasa, idan na kai gudun kilomita 70 kuma kujera ta kama rawa. Wani gareji ya ce akwatin giya ne, a sauke shi. In yarda? *Direba daga Marwa*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yarda tukuna. Alamun nan biyu sun fi kama da ciwon firfela, wato doguwar sandar ƙarfe da ke juyawa a ƙasan mota tana kai ƙarfin inji zuwa aksul, musamman kuros, gaɓoɓin da ke bakinta biyu, kuma binciken ba ya cin ko sisi.

Tsayar da motar a wuri mai daidai, kashe inji, tokare tayoyi gaba da baya da duwatsu, ka mayar da giya firi, ka saki birkin hannu don firfela ta saki jiki. Shiga ƙasa, kama ta kusa da kowane kuros, ka murɗa hagu da dama, ka kuma girgiza sama da ƙasa. Lafiyayyen kuros ba ya motsi ko kaɗan. Duba bakin murafansa huɗu: jar ƙura mai kama da garin tsatsa na nufin giris ya ƙare, alluran ciki sun cinye juna. Ka taɓa notocin da suka ɗaure firfela da aksul, don hanyar Mora zuwa Dabanga na kwance su.

Motarka tana ja da tayoyin baya kaɗai sai an sa mata na gaba. Idan tana H2, wato ja da tayoyin baya kaɗai, makullan tayoyin gaba kuma a buɗe, firfelar gaba ba ta juyawa. Rawar da ka ji a haka ta fitar da ita daga zargi.

In kuros ya lalace sai a canza shi, kuma wajen canjin ne ake yawan ɓata aiki. A yi alama da fenti kafin a kwance, a mayar da komai yadda yake. Idan aka zare firfelar ta rabu gida biyu aka mayar da ita a karkace, kunnuwan bakin nan da na wancan ba su zo kan layi ɗaya ba, rawar za ta dawo ko da kuros sabo ne. Bayan haka, giris kowane kilomita 5,000, da kuma duk ranar da ka keta mayo, wato rafi, a buga har tsohon ya fito ta murafan huɗu.

Ciwon akwatin giya yana da nasa alamun: giya ta riƙa fita da kanta, ko ta yi ƙara a lamba ɗaya ta yi shiru a wata, ko gurnani a tsaye wanda ke ɗaukewa da zarar ka taka kulos.

Tambaya: Hilux ɗina na kuka "wuuu" daga baya. Ta yaya zan gane ko aksul ne ko boris ɗin taya? *Alhaji daga Garuwa*

Amsa: Alhaji, ƙafarka da sitiyari za su gaya maka. A kan kwalta mai kyau, riƙe gudu ɗaya. Taka totur, saki, sake takawa. Kukan da ke canza murya da totur daga cikin tulun aksul yake, haƙora ko boris ɗinsu. Wanda bai damu da totur ba amma yake ƙaruwa idan ka karkata sitiyari gefe ɗaya, ya ragu a ɗayan, boris ɗin taya ne.

Idan tulun ne, man ciki za a fara dubawa. A kwance notin zubawa na sama kafin na tsiyayewa, don in na saman ya ƙi buɗuwa bayan mai ya zube, mota ta zauna. Mai mai launin shayi da madara ruwa ya sha. Aksul mai zafi da ya faɗa ruwan sanyi yana zuƙo ruwa ta ƙaramin bututun numfashinsa ko ta bakin sil, robar da ke tare mai, kuma wannan ne ke kashe aksul da yawa tsakanin Yuli da Satumba. Dubi maganaɗisun da ke kan notin ƙasa. Laushin baƙin gari ba komai ba ne. Ɓarɓashin ƙarfe da yatsa ke ji, a buɗe kawai. In babu, a zuba sabon man giya GL-5, 80W-90 ko abin da littafin motar ya faɗa, har ya taɓo leɓen ramin sama, yawanci lita 2 zuwa 3. Aksul mai LSD, wato mai rage juyawar taya ɗaya a banza idan ta zame, yana da nasa man daban. Sabon mai yana tsayar da ɓarna, amma haƙoran da suka riga suka ci ba za su daina kuka ba.

Wani abu kuma, Alhaji: kada a bar H4, wato ja da tayoyi huɗu, a kan busasshiyar kwalta. Gaba da baya suna ɗaure da juna, a kwana kuma tafiyarsu ba ɗaya ba ce, ƙarfin sai ya taru a ƙaramin akwatin da ke raba su. In sandar ta ƙi fita daga H4, ja da baya 'yan mitoci a miƙe.

Tambaya: Sau uku ina biyan kuɗin gyaran aksul, ƙarar na dawowa. Ta yaya ake gane makaniken kirki? *Mai karatu daga Njamena*

Amsa: Ɗan'uwa, abin na da ciwo, don aikin aksul aikin awo ne, kuma ba kowane gwanin inji ne ya iya shi ba. Fara da tambayar direbobin da ke cin abinci da irin motarka, masu zuwa Abeche da direbobin motocin asibiti da na ƙungiyoyin agaji. Sunan da ya fito daga bakin mutum uku da ba su san juna ba, shi za ka nema.

In ka je, lura ko zai shiga motar ku zaga tare kafin ya yanke hukunci. Wanda ya faɗi ciwo da farashi daga kan benci, ka yi masa sallama. Tambaye shi yadda zai daidaita haƙoran. Ya kamata ya nuna maka agogon awo, domin ratar da ake bari tsakanin babban haƙori da ƙarami ba ta kai rubu'in milimita ba, ya kuma shafa fenti a haƙoran ya juya don ganin inda suke haɗuwa. Babban notin bakin aksul ma da awo ake ɗaure shi. Aka matse shi da bututu da ƙarfin tsiya, boris ya ƙone. Aka bar shi sako-sako, kuka ya dawo.

Idan aksul na hannu za a saya, a ƙirga haƙoran a gabanka. Babba 41 da ƙarami 10 ba ɗaya suke da 43 da 10 ba, kuma dole gaba da baya su zama iri ɗaya, in ba haka ba ranar da ka sa H4 wani abu zai karye. Babba da ƙarami tare ake canza su.

A raba kuɗin aiki da na kaya a rubuce, a ba ka tsofaffin kayan da aka cire, ku kuma yi magana tun farko kan wanda zai ɗauki nauyi idan ƙarar ta dawo cikin wata ɗaya. Ka riƙe wani kaso na kuɗin aikin sai kun gwada motar tare, ka ɗora tafin hannu kusa da bakin aksul: in zafinsa ya hana ka taɓawa bayan 'yar gajeriyar tafiya, a sake duba ɗaurin.