Suna Karantawa Amma Ba Su Fahimta: Amsa ga Ƙaramin Malami

Ɗana, ka ce yaranka na aji huɗu suna zuba karatu ba gargada, amma da an rufe littafi ka tambaye su me suka karanta sai aji ya yi tsit. Kana neman abin yi.

Fara tantance ciwon tukuna. Kira yaro ɗaya, ba shi layi biyar, ka ƙirga tuntuɓensa. In yana kasa fiye da kalma ɗaya cikin goma, matsalarsa haɗa baƙi ce, kuma wannan aiki ne daban. In ko bakinsa na tafiya daidai, to rubutun ne bai sami abin kamawa a kansa ba. A 1988 wasu masu bincike biyu a Amurka, Recht da Leslie, sun bai wa yara labarin besbol, wani wasan ƙwallo da ake bugawa da sanda. Masu raunin karatu da suka san wasan sun fi gwanayen karatun da ba su san shi ba fahimtar labarin. Saboda haka aikinka na farko ka tono abin da yaro ya zo da shi daga gida.

A ce darasinka minti 35 ne, nassin kuma a kan sana'ar jimar fata yake. Minti bakwai na farko kada kowa ya buɗe littafi. Raba allo gida uku: abin da muka sani, abin da muke son sani, abin da muka gano. Wata malama, Donna Ogle, ta fito da tsarin a 1986. Sai ka yi tambaya mai ƙunci. “Me kuka sani game da fata?” ba tambaya ba ce, za su kai ka har naman Sallah. Ce musu, “Bayan an feɗe akuya, me ake yi wa fatar kafin ta isa hannun baduku?” A Sakkwato, garin jar akuya, da wuya a rasa yaron da ya taɓa ganin majema suna jiƙa fata a ruwan toka, suna kankare gashi, suna saka ta cikin bagaruwa. Rubuta abu biyar ko shida, har da wanda ka san kuskure ne, kada ka gyara yanzu.

Nan sababbin malamai suka fi ɓata aiki. Hirar ta yi daɗi, sai a buga ƙararrawa ba a karanta ko layi ɗaya ba. Duba agogo. Sannan yara uku na gaba su ne za su cinye maganar in ka bar su. Ba kowane benci minti ɗaya su tattauna, ka zaɓi mai amsa da kanka, ka fara daga baya. In nassin na Turanci ne, bari a yi wannan hira da Hausa. Malaman zaure ma haka suke yi da Larabci, jimla da fassararta, kuma ba su yi asara ba.

Lokacin karatu ka tsaya a ƙarshen kowane sakin layi, ba kowace jimla ba, don yawan tsayawa na tsinka zaren labari. Tambayarka biyu ce: “Wannan ya yi daidai da abin da ke allo?” da kuma “A wane layi ka gani?” Ta biyun ce ginshiƙi. Yaron da ya san jima yakan amsa daga kansa ba daga takarda ba, ka yi zaton ya fahimta alhali bai karanta ba. Sai ya ɗora yatsa kan layin sannan ka karɓa.

Kuskuren da ka bari a allo yanzu yake da amfani. Ɗauki nassi kan zazzabin cizon sauro. Wani zai ce shan ɗanyen mangwaro ke kawo shi, wani ya ce dukan ruwan sama. Littafi ya ce macen sauro ce ke ɗauko ƙwayar cutar daga jinin wani ta kai wa wani. In ba a faɗi tsohon zaton a fili ba, yaro zai haddace amsar littafi don jarrabawa, ya ci gaba da riƙe nasa. Sa shi ya taso da kansa ya ja layi kan tsohon, ya rubuta sabon a gida na uku.

Wani nassin kuma ba su san komai a kai ba, kamar tashar jiragen ruwa ta Legas. Kada ka tsaya tatsar abin da babu. Fara da kwalekwalen gulbin Rima, ka tambayi inda ake tsayar da shi da yadda ake sauke kaya, sannan ka faɗa musu ƙarara inda kamannin ya ƙare: wancan teku ne, jirgin kuma na ƙarfe ne mai ɗaukar kwantena. Hoto ɗaya a wayarka, a zagaya da shi benci-benci, ya isa.

Minti takwas na ƙarshe kowa ya rubuta jimla biyu: “Da ina zaton…” da “Yanzu na gano…”. Karɓi littattafai goma kawai, daga benci daban-daban. In shida a ciki sun kwafo gida na farko ba canji, gobe ka maimaita nassin da gajeren sakin layi.