Ƙafar injin jirgi: yau ta ɗaga, gobe ta ƙi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramin jirgin ruwa mai injin MerCruiser, irin wanda injin ke ciki, ƙafar da ke ɗauke da farfela kuma tana waje ta baya. Wani lokaci in na danna makunni sai ƙafar ta ɗaga lafiya lau, wani lokaci kuma ko motsi. Sau biyu ina kiran mai gyara, da ya zo sai ta yi aiki. Yanzu ya ce in sayi sabon famfon ɗaga ƙafar. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Dakata da sayen famfon tukuna. Matsalar da ke zuwa tana tafiya galibi daga mahaɗar waya take, ko salanoyid, wato makunnin lantarki da ke ba moton famfon wuta, kuma sai a lokacin da ta taso ake kama ta. Saboda haka ka ajiye mitar gwajin wuta a cikin jirgin.

Abin da ke ɗaga ƙafar famfon man haidurolik ne, ƙaramin moto mai bolt 12 ke juya shi. Moton na da wayoyi uku: shuɗiya ta ɗagawa, koriya ta saukewa, baƙa ta nagetif. A jikin famfon akwai salanoyid biyu, ɗaya na sama ɗaya na ƙasa. Makunnin da ke hannun totur ƴar wuta kaɗan yake aika wa salanoyid, shi kuma ya haɗa babbar wutar batir da moton. Fis biyu ne ke tsaron hanyar a yawancin samfuran kamfanin: babba mai amfiya 110 a jikin salanoyid, da ƙarami mai amfiya 20 na layin makunni.

Ranar da ta ƙi, kashe inji, buɗe murfinsa, ka kunna fankar fitar da iska na minti 4 aƙalla. Tururin fetur a ƙasan jirgi yake taruwa, tartsatsi ɗaya ya isa. Shi ya sa ba na son dabarar nan ta haɗa manyan ƙusoshin salanoyid da sukudireba. Sannan ka sa wani ya danna makunni, kai kuma ka kasa kunne kusa da famfon.

In ka ji shiru ɗif, umarnin ne bai iso ba. Ɗora baƙar wayar mita a nagetif ɗin batir, jar kuma a ƙaramar ƙusar salanoyid, inda waya shuɗiya mai ratsin fari take. Ana dannawa ya kamata ka ga kusan bolt 12. In babu, duba ƙaramin fis da gidansa, da filogi mai baki uku da ke gefen famfo, wanda ya saba kama tsatsa kore. Sai makunnin kansa: wayoyinsa sirara ne, suna bi ta cikin hannun totur, kullum ana lanƙwasa su. A riƙe makunni a danne, a tura hannun gaba da baya, inji a kashe. In famfon ya riƙa kamawa yana saki, ka gano wurin. In kuwa akwai bolt 12 a ƙusar amma salanoyid bai yi ƙara ba, duba baƙar wayarsa kafin ka ce ya mutu.

In ka ji “ƙas” amma moto bai juya ba, to nan ne aikin yake. Fara da batir: cikakke yana nuna bolt 12.6 a hutu, 12.2 kuwa ya kai rabi. Auna a kan dalmar batirin kanta yayin da ake dannawa. In ya faɗo ƙasa da bolt 10, batirin ya gaji, ko kuma moton ya cije yana jan wuta fiye da kima. In batir ya tsaya daram, ɗora wayoyin mita a kan manyan ƙusoshi biyu na salanoyid ɗin. Kafin a danna za ka ga kusan 12, bayan an danna ya kamata ya sauko kusan sifili, 0.2 ko ƙasa. In ya tsaya a bolt 3 ko 8 ko ma 12, tagullar da ke ciki ta ƙone. Duk haɗuwa tana cin ɗan tartsatsi, a hankali fuskarta ta yi ramuka, wata haɗuwar ta dace da wuri mai kyau, wata ta faɗa kan baƙi. Dalilin “yau ta yi, gobe ta ƙi” ke nan. Salanoyid ɗin biyu iri ɗaya ne. Cire nagetif ɗin batir, ka musanya su: in matsalar ta koma ɓangaren saukewa, ba sauran gardama.

Haka za ka auna manyan wayoyin. Daga fozitif ɗin batir zuwa babbar ƙusar salanoyid, ana dannawa, kada asarar ta wuce rabin bolt. Daga nagetif ɗin batir zuwa inda baƙar wayar moto ta ɗauru ma haka. Mutane sun fi manta ɓangaren nagetif, alhali noti ɗaya da ya saki a can yana iya tsayar da sama da ƙasa gaba ɗaya. Kuma kada ƙarar “tiii” ta mita ta ruɗe ka. Wayar da ta ruɓe saura sili ɗaya za ta yi wannan ƙarar, amma ba za ta ɗauki wutar da moto ke ja ba. Sai ana cikin aiki awo ke faɗin gaskiya.

In wuta ta isa shuɗiyar wayar moto cikakkiya, nagetif ma lafiya, amma bai juya ba, ƙwanƙwasa jikinsa a hankali da ƙotar sukudireba ana dannawa. In ya tashi, burushin cikinsa ya cinye ko ya maƙale, sau da yawa saboda danshi. A nan ne kawai maganar mai gyaranka ta kusa zama daidai, kuma ko a nan moto ake canzawa ko burushi, ba famfon duka ba.

In moto na kuka amma ƙafa ba ta motsi, ba wuta ba ce. Sauke ƙafar ƙasa ka duba man tankin famfo.

Tambaya: Tawa tana sauka ko yaushe, amma ɗagawa sai ta ga dama. Abin mamaki, makunnin tirela, wanda ke ɗaga ƙafar can sama in za a ɗora jirgi a tirela, yana ɗaga ta ba matsala.

Amsa: Ka riga ka yi rabin binciken. Tunda makunnin tirela na aiki, salanoyid na sama da moto da batir duk lafiyarsu ƙalau. Bambancin kawai shi ne, umarnin ɗagawa na yau da kullum yana ratsawa ta wani makunnin iyaka, na tirela kuwa tsallake shi yake. Makunnin iyakar wani baƙin faifai ne a waje, inda ƙafar ke juyawa, ta hannun hagu in kana fuskantar gaban jirgi. Na dama mai kama da shi na agogon nuna tsayin ƙafa ne.

Wayoyinsa biyu a ruwa suke zama, kuma duk juyin sitiyari sai sun lanƙwasu, har tagullar ta karye a ciki roba na nan lafiya. Danna makunnin sama, wani ya juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe, ka ga ko famfon zai kama a wani gefe. Don tabbatarwa, cire wayoyinsa biyu daga mahaɗarsu ta cikin jirgi, ka haɗa ɓangaren jirgin da guntuwar waya. In ta ɗaga kowane lokaci, shi ne. Amma gwaji ne kawai, kada ka bar shi haka: aikin makunnin shi ne hana ƙafar wuce kima alhali inji na gudu, in ta wuce kuwa gaɓoɓin sandar da ke kai ƙarfi ga farfela ne za su sha wuya.

Tambaya: Moton nawa wayoyi biyu ne kacal, kuma ban ga salanoyid ba sai wasu ƙananan akwatuna biyu. Na canza na ɗagawa, har yanzu tana ƙi.

Amsa: Akwatunan rile ne, wato ƙananan makunnan lantarki masu yin aikin salanoyid, kuma irin wannan moton juya masa wuta ake yi: fozitif a shuɗiya ya ɗaga, fozitif a koriya ya sauke. Abin da ke ruɗa mutane shi ne kowane motsi sai rile biyun sun sa hannu. Lokacin ɗagawa, na sama yana ba da fozitif ta bakinsa mai lamba 87, na ƙasa kuma yana zaune yana ba da nagetif ta 87a. In 87a ɗin na ƙasa ta ƙone, ɗagawa ce za ta tsaya. Mai yiwuwa lafiyayyen ka cire. Sa tsohon a gurbin na ƙasa ka gwada, ka kuma leƙa soket ɗin: bakin da ya yi baƙi ko roba ta narke a gefensa ya saki, sabon rile ba zai zauna a cikinsa da kyau ba.

Duk mahaɗar da ka kwance, goge ta da sanfefa har ta yi ƙyalli, ɗaure, sannan ka shafa girisin lantarki a kai. In za ka canza waya, nemi ta jirgin ruwa mai tagulla da aka shafe da kuza, kauri ɗaya da tsohuwar, ka rufe haɗin da robar da ke tsukewa da zafi mai gam a ciki. In ka feɗe tsohuwar ka tarar silin ya yi baƙi, ci gaba da yankewa baya har ka iske jar tagulla, in ba ka iske ba ka canza layin gaba ɗaya.